"DA HARSHEN DA YAKE JI": HAƘƘIN TAFINTA A TSARIN MULKIN NIJERIYA DA AIKIN DA KE GABAN ƊALIBAN HARSHE

Gabatarwa

Duk lokacin da aka ambaci kundin tsarin mulki a tsakaninmu, abin da akan ji shi ne, "Wannan ai na 'yan sashen shari'a ne, mu namu nahawu da adabi da al'ada." Manufar wannan 'yar maƙala ita ce in nuna cewa wannan magana ba ta tsaya daidai ba. A cikin haƙƙoƙin da tsarin mulkin 1999 ya ba ɗan ƙasa, akwai waɗanda ba su da ƙafar tsayuwa sai an sami wanda ya san harshe, kuma ya san fassara. Idan babu irin wannan mutum, to haƙƙin yana nan a takarda, mai shi kuwa yana bayan kanta. Zan kafa hujjata da Sabon Garin Minna, inda aka haife ni na girma. Nufanci ne harshen gidanmu, Hausa kuwa a titi da makarantar allo da kasuwa na tsince ta, kafin in zo jami'a in zauna mata. Saboda haka abin da zan faɗa game da wanda Hausa ba harshen uwarsa ba ce, daga ciki nake faɗarsa.

Abin da kundin ya tanada

Da farko ya kamata mu san abin da muke magana a kansa. Tsarin mulkin da ake aiki da shi a Nijeriya ya fara aiki ranar 29 ga Mayu, 1999. Gwamnatin soja ta Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ɗan Minna ne, ita ta fitar da shi ta hanyar Doka ta 24 ta wannan shekara. Babi na huɗu na kundin, wato daga sashe na 33 zuwa na 46, shi ne ya jera muhimman haƙƙoƙin ɗan'adam. Akwai haƙƙin rayuwa a sashe na 33, da kare mutunci da hana azabtarwa a na 34, da 'yancin walwala a na 35, da adalci wajen shari'a a na 36, da sirrin mutum da iyalinsa a na 37. Sai 'yancin addini a na 38, da faɗar albarkacin baki a na 39, da taro da shiga ƙungiya a na 40, da zirga-zirga da zama a ko'ina cikin ƙasa a na 41, da hana nuna bambanci a na 42, da mallakar fili ko gida a ko'ina a na 43. Sashe na 45 ya faɗi inda doka za ta iya taƙaita wasu daga cikinsu, na 46 kuma ya nuna ƙofar da wanda aka zalunta zai ƙwanƙwasa, wato babbar kotu.

Wannan babi yana da tarihi wanda ya shafi irinmu 'yan ƙananan ƙabilu. Kafin a sami mulkin kai, Turawa sun kafa hukumar Willink a 1957 don ta saurari koke-koken ƙananan ƙabilu masu tsoron kada manya su danne su idan Bature ya tafi. A rahoton da ta bayar a 1958 ba ta goyi bayan a ƙirƙiro sababbin jihohi ba, sai ta ba da shawarar a rubuta haƙƙoƙin ɗan'adam a cikin tsarin mulki. Haka aka yi a kundin 1960, kuma tun daga nan babin yake biyo kowane sabon kundi. Ke nan tun asali an yi shi ne domin mai ƙaramin ƙarfi.

To, ina harshe ya shigo? Ya shigo a wurare uku. Na farko, sashe na 35, ƙaramin sashe na 3, ya ce duk wanda aka kama ko aka tsare, dole a sanar da shi a rubuce, cikin awa 24, dalilin kama shi, kuma da harshen da yake ji. Na biyu, sashe na 36, ƙaramin sashe na 6, ya ce wanda ake tuhuma da laifi a gaggauta yi masa bayanin laifin dalla-dalla da harshen da yake ji. Na uku, wannan ƙaramin sashe dai ya ce idan ba ya jin harshen da ake shari'ar da shi, a ba shi tafinta ba tare da ya biya ko kwabo ba.

Mai karatu ya lura, kundin bai ce Turanci ba, bai ce Hausa ba, bai ce harshen da ɗan sanda ko alƙali ya ga dama ba. Cewa ya yi harshen da mutumin yake ji. Ma'aunin yana kunnen wanda ake tuhuma.

Sabon Gari da harsunanta

Minna gari ne da layin dogo ya raya. Layin Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, shi ya jawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga ko'ina suka zauna a ƙasar Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Da garin ya zama babban birnin Jihar Neja a 1976 sai baƙi suka ƙara kwararowa. A Sabon Gari, cikin Ƙaramar Hukumar Chanchaga, gida guda na haya kan haɗa Banufe da Bagwari da Bahaushe da Bayarabe da Ibo da Bafillace, kowa da harshen da yake yi wa 'ya'yansa faɗa da shi. Idan aka fito tsakar gida ko bakin famfo kuwa, Hausa ce ke raba gardama.

Wannan ni'ima ce, amma a cikinta akwai tarko. Da yake kowa na iya cewa "nawa ne," "albarka," "sai gobe," sai a ɗauka kowa na jin Hausa. Idan aka kai mutum ofishin 'yan sanda akan tambaye shi, "Kana jin Hausa?" Ya ce, "Ina ji." Shi ke nan an wuce wurin. Alhali Hausar cinikin doya daban, Hausar tuhuma daban. Matar da ke ɗauko itace ko doya daga ƙauye zuwa kasuwa tana iya yin ciniki da Hausa tun safe har yamma ba a cuce ta ko sisi ba. Amma a ce mata, "Ana tuhumarki da haɗa baki da cin amana, kin amsa laifinki?" nan za ta ji kalma biyu ta rasa uku. Kunya da tsoron hukuma kuma ba za su bar ta ta ce ba ta gane ba. Sai ta ce "to," a rubuta.

Na taɓa raka wata dattijuwa maƙwabciyarmu wani ofishin hukuma inda aka tsare jikanta. Wanda ke rubuta bayani yana tambaya da Hausa, yana rubutawa da Turanci, yaron yana amsawa da Hausar da rabinta Nufanci ne. Da aka gama sai aka miƙa masa takarda ya dangwala yatsa. Ba wanda ya karanta masa abin da aka rubuta sai da na nemi a yi haka, kuma da aka karanta sai ga jimla biyu da ya ce shi bai faɗe su haka ba. Ba na jin mai rubutun mugunta ya nufa. Abin da ya ji shi ya rubuta, sai dai abin da ya ji ba shi aka faɗa ba.

Inda kalma ke ɗaure mutum

A nan ne nake roƙon 'yan'uwa su tuna abin da muka koya a aji, domin darasin da muke ganin na cin jarrabawa ne, a kotu yana iya zama na ɗauri ko saki.

Mu fara da tsawon wasali da karin sauti. Ƙa'idar rubutun Hausa ta yau da kullum ba ta nuna su. Wanda ya ce "na faɗa masa" da gajeren wasali a gaɓar farko yana nufin ya gaya masa magana. Wanda ya ja wasalin kuwa yana nufin ya auka masa. A rubuce duk ɗaya ne. Mu da muka koyi Hausa daga baya mun fi kowa sanin yadda wannan bambanci ke suɓuce wa harshe. Yanzu a ɗauka ana shari'ar duka, wanda ake tuhuma ya faɗi wannan jimla, tafinta ya juya ta zuwa Turanci yadda kunnensa ya ba shi. Tsakanin mai ba da labari da mai kai hari, wasali guda ne.

Na biyu, jinsi. Sananne ne cewa da yawa daga masu Hausa a matsayin harshe na biyu ba su rarrabe "ya" da "ta," domin harsuna irin su Nufanci da Yarabanci ba su da wannan rabo a wakilin suna. A Sabon Gari za ka ji an ce, "Matata ya tafi kasuwa," ba wanda zai ɗaga kai. Amma idan shaida ya ce, "Shi ne ya ɗauki kuɗin," alhali mace yake nufi, kuma ga miji da mata a tsaye gaban alƙali, wa za a kama? Tafintan da ya san wannan zai tsaya ya tambaya, "Mijin ko matar?" Wanda bai sani ba zai wuce da saurinsa.

Na uku, kalmomin ladabi. Tarbiyyarmu ta koya mana idan babba ya ɗaga murya, ƙarami ya ce, "A yi haƙuri," ko "Allah ya huci zuciyarka," ko "Ranka ya daɗe, a yi mini afuwa," ko da shi ke da gaskiya. Wannan ba amsa laifi ba ne, hanyar sanyaya zuciyar babba ce. Idan aka kwashe ta ɗanya aka zuba a Turanci, sai ta fito kamar mutum ya ce ya aikata yana neman sassauci. Haka kalmar "na ji." Wani lokaci tana nufin na yarda, wani lokaci kuma tana nufin maganarka ta shiga kunnena kawai.

Na huɗu, tambayar da kotu ke fara yi bayan an karanta tuhuma. Da yawa akan taƙaita ta a ce, "Ka yi ko ba ka yi ba?" Abin da doka ke tambaya shi ne ko mutum ya amsa laifin da aka karanta, da dukkan sharuɗɗansa. Mutum na iya ɗaukar babur ɗin wani saboda jingina aka ba shi a kan bashi. Idan aka ce masa, "Ka ɗauka?" zai ce, "Na ɗauka," don gaskiya ce. Amma ɗauka ba sata ba ce. Hausa ta rarrabe aro da rance da bashi da jingina da ajiya da amana, kowace da hukuncinta a idon jama'a. Wannan rarrabewa tana da nauyi a doka, domin Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Tafintan da ya haɗe waɗannan kalmomi a tukunya guda yana iya mayar da rigimar bashi ta zama shari'ar laifi.

Na biyar, kalmomin zumunta. Idan Bahaushe ko Banufe ya ce "ɗan'uwana" ko "babana," ba lallai ne uwa ɗaya uba ɗaya ko mahaifi yake nufi ba. Lauyan ɗaya ɓangaren na iya kama wannan ya ce shaida maƙaryaci ne, ya ce wane ubansa ne alhali ƙanen ubansa ne. Wanda ya karanta al'ada ya san babu ƙarya a nan.

Abin da kotuna suka yanke

Kada a ce wannan duk hasashen ɗalibi ne. Kotunan ƙasar nan sun daɗe da fuskantar matsalar. A shari'ar Ajayi da Hukumar En'e ta Zariya, wadda kotun ƙoli ta tarayya ta yanke a farkon shekarun 1960, an gurfanar da wasu Yarabawa a kotun En'e, aka yi zaman da Hausa, harshen da ba su ji. Tafintoci biyar aka yi ta sauyawa a matakai daban-daban na shari'ar, ba a kuma rantsar da ko ɗaya daga cikinsu ba. Kotun ƙoli ta soke hukuncin, saboda fassarar da aka yi musu ba ta kai yadda tsarin mulki ya nema ba. Wannan shari'a ta koya mana abu biyu. Na ɗaya, kawo tafinta kawai bai wadatar ba, sai ya kasance ya iya. Na biyu, ba Turanci kaɗai ke zama baƙon harshe a kotu ba, Hausa ma tana zama haka ga wanda ba ya jin ta.

Sai kuma ɗaya gefen. A shari'ar Gwonto ta 1983, kotun ƙoli ta nuna cewa wanda ke da lauya, kuma bai nemi tafinta a lokacin shari'a ba, ba zai zo wajen ɗaukaka ƙara ya ce an tauye masa wannan haƙƙi ba. Ma'ana, haƙƙin yana nan, amma sai an buɗe baki an nema a kan kari. To yaya mutum zai nemi abin da bai san yana da shi ba? Kuma wa zai gaya masa, da wane harshe?

Game da bayanin da ake ɗauka a ofishin 'yan sanda kuwa, kotun ƙoli ta sha nanata cewa idan ta bakin tafinta aka ɗauki bayanin wanda ake tuhuma, sai an kira tafintan ya ba da shaida, in ba haka ba bayanin ya zama ji-ta-ji-ta. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙara da cewa idan wanda ake zargi ba ya jin Turanci, tafinta ya rubuta bayanin, ya karanta masa har ya fahimta, sannan tafintan ya sa sunansa da adireshinsa da sana'arsa a jikin takardar. Doka ta ɗauki tafinta a matsayin mutum mai alhaki a wuyansa. Mu ne dai har yanzu muke ɗaukarsa a matsayin duk wanda aka samu a kusa, ko masinja ne, ko wani mai jiran tasa shari'ar.

"Haƙƙi" da "na bar shi da Allah"

Akwai wani abu kuma da ya shafi ita kanta kalmar. "Haƙƙi" ararriya ce daga Larabci, kuma a bakin jama'a tana tafe da nauyin lahira. Mukan ce, "Kada ka ɗauki haƙƙin wani," ko "Haƙƙina ba zai bar shi ba." Wannan kyakkyawar tarbiyya ce, tana tsoratar da azzalumi mai imani. Sai dai ta sa da yawa daga cikinmu sun ɗauka haƙƙi abu ne da ake jira a karɓa gobe kiyama. Idan aka tsare ɗan mutum kwana goma ba a kai shi kotu ba, sai ka ji ya ce, "Na bar su da Allah."

Barin abu ga Allah ba ya hana neman gyara a duniya. Ai kotunan alƙalai da aka sani a ƙasar Hausa da ƙasar Nufe tun kafin zuwan Turawa, don a ƙwato wa mai haƙƙi haƙƙinsa tun yana raye aka kafa su. Haƙƙin da tsarin mulki ke magana a kai yana da lokaci, yana da awa. Sashe na 35 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, cikin kwana biyu ko wani lokaci da kotu ta ga ya dace, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. A cikin garin Minna kuwa ba wanda zai ce kotu ta yi nisa. Sashen ya kuma ce wanda aka kama yana da ikon ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani mutum da shi ya zaɓa, kuma wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana a kama uwa ko mata ko ƙane a madadin wanda ake nema. Nawa ne daga cikin iyayenmu suka taɓa jin waɗannan da harshen da suke mafarki da shi?

Bugu da ƙari, hanyar kai kuka ta yi sauƙi fiye da da. A 2009 Babban Jojin Nijeriya na lokacin, marigayi Mai Shari'a Idris Legbo Kutigi, wanda shi ma ɗan Jihar Neja ne, ya fitar da sababbin ƙa'idojin shigar da ƙarar tauye haƙƙin ɗan'adam. A ƙarƙashinsu wani na iya shigar da ƙara a madadin wanda ke tsare, kuma daɗewar lokaci ba ta kashe ƙarar. Akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976 domin marasa ƙarfin ɗaukar lauya, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa da aka kafa a 1995. Duk da haka, kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan jiran shari'a suke yi, ba a yanke musu hukunci ba. Dalilan wannan suna da yawa, amma jahilcin haƙƙi yana daga ciki.

Masu ja da wannan ra'ayi

Na san akwai masu cewa, "Ko ka san haƙƙinka, idan ka faɗe shi a gaban mai bindiga mari za ka sha." Wannan magana akwai gaskiya a cikinta, ba na musu. Sani ba ya tare kulki. Amma wanda ke tsare ba shi kaɗai ne a duniya ba. Yana da uwa da ƙane da mai unguwa da limami ko fasto. Idan waɗannan sun san awa 24 tana da ma'ana a doka, sun san beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne kamar yadda rundunar da kanta take shelantawa, sun san ofishin da za su je, to maganar da za su yi a bakin kanta za ta sauya, kuma wanda ke bayan tebur zai gane. Azzalumi ya fi sakewa inda ya tabbata ba wanda ya san komai.

Wasu kuma za su ce aikin lauyoyi ne. Lauya ya san doka, amma ba a koya masa bambancin dogon wasali da gajere ba, kuma sau da yawa shi ma ta bakin tafinta yake jin wanda yake karewa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ƙorafi na uku shi ne wanda ya fi taɓa ni, don daga 'yan'uwana yake fitowa. Sukan ce, "Kai Banufe ne, me ya sa kake yi wa Hausa yaƙi? Ina Nufanci, ina Gbagyi, ina Kambari?" Amsata ita ce, ba fifita Hausa nake nema ba, kuma tsarin mulki ma bai fifita ta a wannan wuri ba. Wanda Gbagyi yake ji, haƙƙinsa ne a kawo masa mai jin Gbagyi, ko da alƙali da ɗan sanda da lauya duk Hausawa ne. Sai dai a Jihar Neja Hausa ce gadar da mafi yawan harsuna ke bi su sadu da juna. Idan aka daidaita kalmomin shari'a da Hausa, aka horar da mutane a kanta, zai yi sauƙi a ƙetara da su zuwa Nufanci da Gbagyi da sauransu. Mu da muke da harshe biyu ko uku a baki, muka kuma karanta Hausa a jami'a, mu ne wannan aiki ya fi dacewa da mu. Abin da wasu ke gani kamar naƙasu a Hausarmu, a nan jari ne, domin mun san daidai inda mai koyo ke tuntuɓe.

Shawarwari

Bisa ga abin da ya gabata, ina ba 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu waɗannan shawarwari cikin ladabi.

Na farko, mu riƙa zuwa kotu. Zaman kotu a buɗe yake ga jama'a, sashe na 36 ne ma ya tanadi haka. A lokacin hutu kowa ya sami kwana biyu ko uku ya zauna a kotun majistare ko kotun shari'a ta garinsu, ya saurari yadda ake fassara, ya rubuta kalmomin da ke ba tafinta wahala.

Na biyu, masu neman batun kundin kammala digiri su waiwayi wannan fage. An yi rubutu mai yawa a kan waƙoƙin makaɗa da bukukuwan aure, kuma suna da amfani. Amma nazarin fassara a kotu, ko Hausar 'yan sanda, ko Hausar waɗanda ba Hausawa ba a gaban alƙali, fili ne mai faɗi da ke jiran manoma.

Na uku, ƙungiyarmu ta haɗa kai da ɗaliban sashen shari'a a tsara ɗan ƙaramin jerin kalmomin shari'ar laifi da Hausa mai sauƙi. Ba daga sama za a fara ba. Akwai Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, wanda ya nuna mana hanyar ƙirƙirar kalma, ga kuma Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Sharaɗi guda shi ne, duk kalmar da aka zaɓa a gwada ta a kan mai sayar da doya da ɗan acaɓa. In ba su gane ba, a sake.

Na huɗu, a fitar da sashe na 34 da na 35 da na 36 a takarda guda, da boko da ajami, a kuma naɗe su da murya don a tura ta waya, tun da yawancin waɗanda abin ya fi shafa sun fi saurare a kan karatu. Wanda ke jin wani harshe ya naɗa da nasa.

Na biyar, hukumomin shari'a na jihohi su mayar da tafinta ma'aikaci mai horo da jarrabawa da albashin da ya dace, su kuma ɗauki waɗanda suka karanta harshe. Masu yi mana gorin "me za ku yi da digirin Hausa" ga amsa guda nan.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa tsarin mulkin 1999 ya ɗaura wasu haƙƙoƙin ɗan ƙasa a kan harshe, cewa kotuna sun soke hukunci saboda raunin fassara, sun kuma ƙi sauraron wanda bai nemi tafinta a kan lokaci ba, sannan a wuri mai harsuna da yawa irin Sabon Garin Minna, "ina jin Hausa" ba ta isa hujjar cewa mutum ya fahimci tuhumar da ake yi masa ba. Waɗanda suka rubuta kundin sun yi nasu da suka sa wannan sharaɗi. Ba su da ikon tsayawa a kowane caji ofis su tabbatar an cika shi. Wannan ya rage ga waɗanda suka san harshe, kuma al'umma ta kashe kuɗinta ta koya mana shi. Idan muka fita da digiri, aka ci gaba da ɗaure mutane a kan kalmar da ba su faɗa ba, to akwai haƙƙi a wuyanmu, da ma'anarsa ta kundi da ta lahira duka. Allah ya ba mu ikon sauke shi, ya kuma fitar da duk wanda ke tsare ba da laifinsa ba, amin.